Yadda Mace Za Ta Zaɓi Wandon Kariya Na Hawan Babur Da Zai Zauna Mata Daidai Kafin Ta Yi Oda A Intanet

 Mun saba kawo muku bayanai a kan wayoyi, manhajoji da ƙananan na'urori. Yau za mu karkata zuwa wani kaya da ba a yi masa caji, amma cike yake da fasaha: wandon kariya na masu hawan babur, musamman na mata.

Duk wanda ya san Yamai, Maraɗi, Wagadugu ko Tamale ya san mace a kan babur ba baƙon abu ba ne, kuma a wasu garuruwan arewacin Najeriya ma za ka ga mata a kan roba-roba suna zuwa makaranta ko wurin aiki. Hular kwano kowa ya san ta, amma da wuya ka ji ana maganar kare ƙafafu. Irin wannan wando kuma ba kasafai ake samunsa a shagunanmu ba, don haka wadda take so sai ta yi oda da wayarta ba tare da ta gwada ba. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, mayar da shi idan bai yi ba kuma wahala ce. Zan yi magana da ke kai tsaye, amma darasin zai amfani wanda zai saya wa matarsa ko ƙanwarsa.

Abu ɗaya nake so ki riƙe tun daga nan: wandon kariya yana aiki ne kawai idan garkuwar da ke cikinsa ta tsaya a kan gwiwa da kwatangwalo lokacin da kike zaune a kan babur. Duk sauran bayanan a kan wannan suke tafiya.

Me Wannan Wando Yake Karewa?

Idan babur yana gudun kilomita 50 a awa, kina cin kusan mita 14 ne a kowace daƙiƙa. Idan aka faɗi a wannan gudu abubuwa biyu ne suke faruwa. Na farko, jiki yana buguwa da ƙasa, kuma gwiwa da kwatangwalo suna cikin waɗanda suke fara sauka. Na biyu, jiki yana jan ƙasa a kan kwalta, kwaltar tana cin yadi sannan ta ci fata. Wandon jins na yau da kullum, idan aka ɗora shi a injin gwajin gogewa, yawanci ba ya kai daƙiƙa ɗaya kafin ya huje. Atamfa da sauran yadi marasa kauri ba a ma maganarsu.

Wani babban bincike mai suna MAIDS da aka yi a Faransa, Jamus, Italiya, Holan da Sifen ya bi diddigin haɗurran babur 921 a shekarun 1999 da 2000, kuma ya nuna ƙafafu ne sashen jikin da ya fi yawan samun rauni. Wani binciken da Liz de Rome ta jagoranta a Ostireliya, wanda aka wallafa a 2011, ya gano cewa waɗanda suka yi haɗari sanye da kayan kariya na babur sun fi tsira daga kwanciya a asibiti.

Sai dai a faɗi gaskiya: wando ba zai hana karaya ba idan aka yi mummunan karo da mota. Aikinsa shi ne rage ƙujewa, yagewar fata, ƙuna da ƙarfin bugu a gaɓoɓi. Wanda ya taɓa jinyar ƙujewar kwalta ya san wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin Da Ya Sa Mata Suke Shan Wahalar Samun Daidai Da Su

An daɗe ana ɗinka kayan babur da jikin namiji a rai. A jikin yawancin maza, tazarar da ke tsakanin faɗin ƙugu da faɗin mazaunai ba ta da yawa, a jikin yawancin mata kuwa tana da yawa. Shi ya sa idan mace ta ɗauki wandon maza ko wanda aka ce na kowa ne, ɗaya daga cikin waɗannan yake faruwa:

Idan ya yi mata daidai a ƙugu, sai ya ƙi wuce cinya da mazaunai.

Idan ya wuce mazaunai, sai ƙugun ya yi yawa, ya buɗe ta baya da zarar ta sunkuya ta kama kan babur.

Idan faɗin ya yi, sai tsawon ya yi yawa, garkuwar gwiwa ta sauka zuwa ƙwauri.

Na ukun nan shi ne mafi haɗari domin ba a cika lura da shi ba. Wandon zai yi kyau a madubi, amma gwiwar tana nan a buɗe. Wando mai yawa kuma yana iya juyawa a jiki lokacin faɗuwa, garkuwar ta koma gefe.

Yanzu akwai kamfanonin da suke yanka na mata daban. Alpinestars na Italiya yana da jerin kayan mata mai suna Stella. Dainese na Italiya, REV'IT! na Holan, Klim na Amurka da Oxford na Ingila duk suna da na mata, sannan akwai irin su MotoGirl na Ingila da mata ne kasuwarsu. Ban kawo sunayen don talla ba, sai don ki san abin da za ki rubuta a wurin bincike. Ko a cikinsu ma yanka ya bambanta, don haka suna kaɗai bai isa ba.

Mataki Na 1: Auna Jikinki

Ki nemi tef ɗin awo irin na tela. Kada ki dogara da manhajojin awo na waya masu amfani da kyamara. Suna da amfani wajen auna tebur ko bango, amma ba sa iya zagaye jiki daidai, kuma kuskuren santimita biyu ko uku ya isa ya canza miki lamba. Ki sa kaya marasa kauri, ki tsaya a miƙe, ki nemi wata ta taimaka miki. Tef ɗin ya kwanta a jiki ba tare da ya matse ba, kuma kada ki tsuke ciki.

Ga awo biyar da kike buƙata:

1. Ƙugu: wurin da ya fi siranta, sama da cibiya kaɗan.

2. Mazaunai: ki haɗa ƙafafu ki zagaya wurin da ya fi faɗi, ki tabbata tef ɗin bai karkace ta baya ba.

3. Cinya: wurin da ya fi kauri, kusa da sama.

4. Tsawon ƙafa ta ciki: daga hantsa zuwa idon sawu. Wasu kamfanonin zuwa ƙasa suke aunawa, don haka ki duba hoton da ke jikin jadawalinsu.

5. Daga hantsa zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Ba za ki ga wannan a yawancin jadawali ba, amma shi ne zai gaya miki inda garkuwa za ta sauka. Za ki iya tura wa mai shago wannan awo ki tambaye shi.

Ki yi kowane awo sau biyu, ki ajiye su a manhajar rubutu ta wayarki da santimita da kuma inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. A ce ƙugunki santimita 76 ne, idan kin raba da 2.54 za ki samu kusan inci 30. Mazaunai masu santimita 104 kuma kusan inci 41 ne. Idan ba kya son lissafi, ki rubuta wa Google lambar ya juya miki.

Mataki Na 2: Karanta Jadawalin Girma

Ki manta da lambar da kika saba sawa. Wandon da ake kira 10 a Ingila yana kusa da 6 a Amurka, kuma kusan 42 ne a Italiya. Haruffan S, M da L ma ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina, kuma na shagunan Asiya sun fi zama ƙanana a kan na Turai. Kamar batun waya ne: ba a sayenta don an rubuta Pro a jikinta, sai an duba RAM da batir. A nan ma santimita ake dubawa.

A shafin kowane wando akwai maɓallin jadawalin girma, yawanci an rubuta "size chart" ko "size guide". Kalmomin da za ki gani su ne "waist" wato ƙugu, "hip" wato mazaunai, "thigh" wato cinya, da "inseam" wato tsawon ƙafa ta ciki. Ki tabbata jadawalin na kamfanin da ya ɗinka wandon ne kuma na mata ne, domin wasu shaguna suna liƙa jadawali ɗaya a kan kowane kaya. Ki kuma duba ko awon jiki ake nufi ko awon wandon kansa a shimfiɗe.

Sau da yawa ƙugunki zai faɗa a lamba ɗaya, mazaunai su faɗa a ta gaba. Idan haka ta faru ki bi awon mazaunai, sannan ki zaɓi wando mai maɗauri a gefen ƙugu ko mai wurin sa bel. Rage ƙugu abu ne mai sauƙi, ƙara faɗin mazaunai kuwa ba ya yiwuwa. Wando mai dogon ƙugu ya fi dacewa da mata da yawa saboda yana rufe baya idan an sunkuya.

Game da tsawo, kamfanoni da dama suna yin gajere, matsakaici da dogo a lamba ɗaya, za ki ga "short", "regular" da "long". Idan ba ki da tsayi sosai ki nemi gajeren, domin a cikinsa an ɗaga aljihun garkuwar gwiwa sama. Mafi kyau shi ne wandon da aka ce ana iya matsar da garkuwarsa sama ko ƙasa. Ki kuma tuna cewa da zarar kin zauna kin lanƙwasa gwiwa, ƙafar wando tana ɗagewa. Wanda ya ɗan yi tsawo a tsaye shi ne yake rufe idon sawu a zaune.

Mataki Na 3: Karanta Lambobin Kariya

Kamar yadda IP68 yake gaya miki waya tana jure ruwa da ƙura, haka kayan babur suke da nasu lambobin. Tun daga watan Afrilun 2018 dokar Tarayyar Turai mai lamba 2016/425 ta fara aiki, kuma a ƙarƙashinta duk tufafin babur da za a sayar a can da sunan kariya sai an gwada shi. Lambobi biyu za ki nema.

Na farko shi ne EN 17092, wanda ya fito a 2020. Shi ne na wandon kansa: juriyar yadi ga gogewa, juriyar yagewa da ƙarfin ɗinki. Yana da aji biyar:

AAA shi ne mafi ƙarfi. Ana gwada yadin wuraren da suka fi haɗari a injin da ke kwaikwayon gudun kilomita 120 a awa. Yawanci ya fi nauyi da zafi.

AA shi ne na tsakiya, ana gwada shi a kwatankwacin kilomita 70 a awa. Ya dace da mai haɗa cikin gari da babbar hanya.

A shi ne mafi sauƙin nauyi, ana gwada shi a kwatankwacin kilomita 45 a awa. Na cikin gari ne.

B yana jure gogewa kamar A amma babu garkuwa a cikinsa.

C kuma mariƙin garkuwa ne kawai, ba ya jure gogewa, dole sai an haɗa shi da wani.

Waɗannan lambobin gudu na injin ɗakin gwaji ne. Ba alkawari ba ne cewa za ki faɗi a wannan gudu ki tashi ƙalau. Amfaninsu shi ne kwatanta wando da wando. Abin lura kuma: wandon AA da AAA dole ya zo da garkuwar gwiwa da ta kwatangwalo, amma a ajin A ta gwiwa ce kawai dole. Idan A za ki saya, ki duba ko yana da aljihun garkuwar kwatangwalo, ki sayi garkuwar daban ki sa.

Na biyu shi ne EN 1621-1, na garkuwar kanta. A gwajin ana sako ƙarfe mai kilo 5 a kanta a auna ƙarfin da ya ratsa. A mataki na 1, matsakaicin ƙarfin da ya ratsa ba zai wuce kilonewton 35 ba, a mataki na 2 kuma ba zai wuce 20 ba. Ke nan mataki na 2 ya fi shanye bugu. A jikin garkuwar za ki ga ƙaramin hoton mai babur da wasu haruffa. K na gwiwa ne, H na kwatangwalo, K+L na gwiwa da ƙwauri. Harafin A ko B a nan girma yake nufi: A ƙarama ce, B ta fi faɗi. A wandunan mata ƙanana an fi sa A, don haka idan aljihun zai ɗauki B ki fifita ta.

Akwai wata alama da ta shafe mu sosai, wato T+. Tana nufin an ƙara gwada garkuwar a zafin digiri 40 kuma ta ci jarrabawa. Garkuwoyi masu laushi na zamani, irin su D3O da SAS-TEC, suna lanƙwasuwa da jiki sannan su yi tauri a lokacin bugu, kuma zafi yana iya canza yadda irin wannan roba take aiki. A Sakkwato, Maiduguri ko Agadas zafi yana haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, don haka T+ ba ado ba ne a wurinmu.

Mataki Na 4: Zaɓen Yadi Da Batun Zafi

Wandon da ya fi kowanne ƙarfi ba shi da amfani idan zafi ya sa kin rataye shi a ɗaki. Ga ire-iren da za ki tarar:

Fata: tana jure gogewa sosai, ita ake sawa a tsere, amma tana da nauyi da zafi kuma sai a hankali take sakin jiki. Ga zirga-zirgar gari a ƙasarmu da wuya ki iya jure ta.

Yadin roba mai ƙarfi irin su Cordura: wasu suna da sassa masu raga-raga da iska take ratsawa, da yadi mai kauri a gwiwa da mazaunai. Wannan ya fi dacewa da zafi. Ki guji mai shafin hana ruwa da ba a cirewa, domin yana riƙe gumi.

Jins na babur: iri biyu ne. Akwai mai shafi biyu, wanda aka shimfiɗa masa Kevlar ko wani zare danginsa a ciki. Kevlar zare ne da Stephanie Kwolek ta ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1965, kuma shi ake amfani da shi a rigunan sulke. Ki duba hoton cikin wandon ki ga iya inda shafin ya kai, ya kamata ya rufe gwiwa, gefen cinya da mazaunai. Akwai kuma mai shafi ɗaya, wanda aka saƙa zare mai ƙarfi irin Dyneema a cikin yadin kansa. Ya fi sanyi da sauƙin nauyi, amma yawanci ya fi tsada.

Legins na babur: yana miƙewa ya bi jiki, don haka garkuwa ba ta yawo, kuma yana magance matsalar ƙugu da mazaunai. Wasu sun kai ajin AA, wasu har AAA. Kada ki haɗa shi da legins na kasuwa, wanda ba ya kare komai kuma yana iya narkewa a kan fata idan ya taɓa salansa mai zafi.

Wandon ɗorawa: ana sa shi a kan kayan da ke jiki, yana da dogon zif a gefe, a cire idan an isa. Idan shi za ki saya, ki yi awo da kayan da za ki riƙa sawa a ƙasansa.

Akwai shafin da zai taimaka miki a nan, sunansa MotoCAP, wanda hukumomi a Ostireliya da New Zealand suka buɗe a 2018. Suna sayen kaya daga shaguna da kansu, a gwada a Jami'ar Deakin, sannan su ba da taurari ɗaya zuwa biyar a kan kariya, da wasu taurarin daban a kan yadda kayan yake barin gumi ya fita. Kyauta ne. Ba kowane wando ne a ciki ba, amma idan naki yana nan za ki ga ƙarfinsa da sanyinsa a wuri ɗaya.

Mataki Na 5: Tantance Kayan Da Wayarki Kafin Ki Biya

Buga harafin CE a jikin kaya abu ne mai sauƙi, don haka kada ki tsaya a kansa. Ki bi waɗannan:

1. Ki karanta bayanin da kyau. Idan an ce garkuwar tana da CE amma ba a ambaci EN 17092 da ajin wandon ba, to garkuwar kawai aka gwada, yadin da ɗinkin ba a san ƙarfinsu ba.

2. Ki nemi mai shago ya turo hoton tambarin da aka ɗinke a cikin wandon da na jikin garkuwar. Ki ga hoton mai babur, aji da lambar ƙa'ida.

3. Ki shiga shafin kamfanin ki nemi takardar da ake kira "Declaration of Conformity". Doka ta ce ta zo tare da kayan ko a ba da adireshin da za a same ta. A cikinta akwai sunan ɗakin gwajin, irin su SATRA, Ricotest ko TÜV Rheinland.

4. Ki ɗauki hoton wandon ki sa a Google Lens. Idan hoto ɗaya ya fito a shaguna da yawa da sunaye daban-daban, ko kika ga ainihin kamfanin yana sayar da shi ninki biyar na wannan farashi, ki yi hattara.

5. Ki tace sharhin masu saye ki karanta na mata da suka faɗi tsawonsu da awonsu, musamman masu hoto. Idan da Jamusanci ko Faransanci ne, Google Translate zai fassara miki.

6. Ki karanta ƙa'idar mayar da kaya: kwana nawa aka bayar, wa zai biya kuɗin aikawa. Ki haɗa kuɗin jigila da na kwastam a lissafinki, ki kuma ɗauki sikirinshot na shafin da jadawalin ranar da kika yi oda.

Mataki Na 6: Gwaji Ranar Da Kaya Ya Iso

Kada ki cire tambarin shago tukuna. Ki sa wandon da garkuwarsa duka a ciki, ki sa takalmin da kike hawa da shi, ki kafe babur ki hau, hannu a kan kai, ƙafa a kan mataki. Ki jingina wayarki a gefe ta ɗauki bidiyo, domin akwai abin da ba za ki gani da kanki ba.

Tsakiyar garkuwa ta zauna a kan ƙoƙon gwiwa. A tsaye za ki ji ta ɗan sauka ƙasa, wannan daidai ne. A zaune ake hukunci.

Ki kama garkuwar ki yi ƙoƙarin juya ta gefe. Idan ta bar kan gwiwa cikin sauƙi, ƙafar wandon ta yi yawa.

Garkuwar kwatangwalo ta rufe ƙashin da kike ji a gefen jiki, inda cinya ta haɗu da ƙugu.

Ki duba bidiyon: bayan ƙugu bai buɗe ba, idon sawu a rufe yake.

Ki kwance bel ki ja wandon ƙasa da ƙarfi. Idan ya zame ya wuce mazaunai a rufe, kwalta ma za ta iya tuɓe shi.

Ki sauke ƙafa ƙasa, ki taka birki, ki sa giya, ki tsuguna. Kada ya hana ki ko ɗaya.

A ƙarshe ki zauna da shi minti 15 zuwa 20. Idan bayan gwiwa yana cizo ko ƙafa ta fara sanyi, ya matse da yawa.

Sa Shi Da Abaya, Hijabi Ko Zane

Ba sai kin canza shigarki ba. Legins na babur ko jins mara kauri yana shiga ƙarƙashin abaya ko doguwar riga ba tare da an lura ba, kuma kariyar tana nan. Abin kiyayewa shi ne kayan sama. Bakin hijabi, gyale, abaya ko zane da ke lilo yana iya shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya ya fizgo mutum ƙasa, ko da ba a gudu sosai. Kafin ki tayar da babur ki tattara bakin kayan ki zauna a kai ko ki ɗaure, ki tabbata murfin sarƙar yana nan. Wannan ya shafi wadda aka goya ma, domin kwalta ba ta bambanta direba da fasinja.

Tela, Gwanjo Da Wanki

Tela zai iya rage tsawon ƙafa daga ƙasa idan babu zif, amma hakan ba ya ɗaga garkuwar gwiwa. Kada a farke ɗinkin gefe, na hantsa ko na mazaunai, domin da zare mai ƙarfi da ɗinki ninki-ninki aka yi su, kuma su ma an gwada ƙarfinsu.

Idan a gwanjo kika samu, ribarki ita ce za ki gwada kafin ki biya. Ki juya cikinsa ki duba tambari, ɗinki da alamar gogewa. Ki ciro garkuwar ki lanƙwasa, idan ta bushe, ta tsage ko tana marmashewa, sai ki sa sabuwa. Idan soso ne kawai babu wata lamba a jikinsa, ba garkuwa ba ce.

Wajen wanki ki cire garkuwa tukuna, ki bi umarnin da ke jikin wandon. Kada ki sa sinadarin farar da kaya domin yana lalata zaren Kevlar, hasken rana ma yana raunana shi, don haka ki shanya a inuwa ba tare da kin juyo shafin cikin waje ba. Wandon da aka taɓa faɗuwa da shi har yadin ya ci ko ɗinki ya buɗe ya gama aikinsa.

Idan kuɗinki bai kai na AAA ba kada ki fasa. Wandon A ko AA da ya zauna miki daidai kuma kike sawa kullum ya fi mai tsadar da garkuwarsa take kan ƙwauri. Ki fara da awon nan biyar yau ki ajiye su a waya, sannan ki haɗa wandon da hular kwano mai kyau, safar hannu da takalmin da ya rufe idon sawu. Allah Ya kiyaye hanya, sai mun haɗu a darasi na gaba.